Kada A Raina Irin Da Ya Tsiro Da Kansa

Jama'a, a makon nan bari mu ajiye zancen hatsi mu taɓa na abincin dabbobi. Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin manoma, har da waɗansu malaman gona, wai ciyawa ciyawa ce, ko ina ta tsiro ɗaya take, in kuwa an samo iri mai kyau daga tashar gwaji to shi ke nan, sauran na daji sai a bi su da garma. Ni ban yarda da wannan ba. Hujjata kuwa zan kawo ta ne daga wani tsiro wanda ba mu da shi a gonakinmu, amma an fi shekara ɗari ana bin diddiginsa a ƙasashen Turawa, har an san halinsa ciki da bai. Sunansa kuloba.

Kuloba ɗan'uwan wake ne da gyaɗa. Ganyensa uku-uku yake fita kamar na wake, sai dai ƙanana, furensa kuma a dunƙule yake kamar tuntun hula. In ka tuge shi za ka ga ƙuraje a saiwarsa irin waɗanda kake gani a saiwar gyaɗa. A cikin ƙurajen nan ne waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke zaune, suna jawo sinadarin naitirojin daga iska suna ba tsiron, watau abin nan da muke sayensa da tsada a buhun takin yuriya. Saboda haka makiyayar da ke da kuloba tana ciyar da dabba tana kuma ciyar da ƙasa. Danginsa sun kai 250 a duniya, sun fi yawa a kewayen Bahar Rum, da yammacin Amurka, da tuddan Habasha da na gabashin Afirka. Barsim ɗin da Misirawa suke nomawa a bakin kogin Nilu don shanu da jakuna ɗaya ne daga cikinsu. Tsiro ne mai son sanyi, shi ya sa a yammacin Afirka sai an hau manyan duwatsu irin na ƙasar Kamaru kafin a gamu da danginsa.

Mu fara da farin kuloba, wanda ya fi kowane yaɗuwa. Shi yaɗo yake yi a ƙasa kamar kirikiri, yana kafa saiwa a kowace gaɓa, saboda haka gindi ɗaya yakan shekara da shekaru yana tafiya a cikin makiyaya. Amma wajen yin iri, furensa ba ya karɓar garin furen gindinsa, sai ƙudan zuma ya ɗauko masa na wani gindi dabam. Ka ga ke nan kowace ƙwaya da ta faɗi ƙasa tana da uwa dabam da uba dabam, ba ta fito sak da kowa ba. Wannan ta gaji babban ganye, wannan ta gaji ƙarami, waccan ta gaji jure fari, waccan kuma jure sanyi. Daga nan sai ƙasa da iska da bakin dabba su yi tankaɗe, wadda ta dace da wurin ta zauna, wadda ba ta dace ba ta mutu. In aka yi shekara ɗari ana wannan tankaɗe a wuri ɗaya, zuriyar da ta rage a wurin ta zama ta wurin, ba irinta a wani wuri.

Kada ku zaci sai an ƙetare teku ake ganin bambancin. A 1979 waɗansu masana biyu, Turkington da Harper, suka bayyana wani gwaji da suka yi a wata tsohuwar makiyaya a arewacin ƙasar Wels, wadda faɗinta bai wuce kadada ɗaya ba. Ciyayi iri huɗu ne suka fi yawa a filin, kowace da ɓangarenta. Suka ciro kuloba daga kowane ɓangare, suka yawaita shi, kana suka koma suka dasa kowane a dukkan ɓangarorin huɗu. Da aka auna, sai aka tarar a mafi yawan lokuta kowane ya fi yin kyau a kusa da ciyawar da aka ciro shi daga wajenta. Fili ɗaya, tsiro ɗaya ga ido, amma kowane gindi ya saba da maƙwabcinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a sha'anin tsiron nan shi ne zancen guba. Kowa ya san rogo mai ɗaci, wanda in ba a jiƙa shi an wanke ba yakan kashe mutum, kuma kowane makiyayi ya san abin da gyauron dawa ke yi wa saniya. To, gubar nan da ke fita daga rogo ita ce dai ke fita daga ganyen waɗansu gindin farin kuloba. Na ce waɗansu, domin ba duka ba. Kana iya tsinko ganye biyu daga gindi biyu da ke manne da juna, ɗaya yana da ita, ɗaya babu ko ƙanshinta.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin gado biyu ne ke riƙe da wannan hali. Ɗaya ita ke sa ganye ya tara kayan gubar, ɗaya kuma ita ke sa ya yi abin da zai tayar da ita. Ku ɗauka albarushi ne da ƙyastu, an ajiye kowane a ɗakinsa. Muddin ganye na nan lafiya ba abin da zai faru. Ran da katantanwa ko fara ko ɓera ya tauna shi, bangon da ke tsakani ya rushe, sai su haɗu guba ta tashi, mai ci ya ji ɗaci ya koma gaba. Gindin da ya gaji albarushi ba ƙyastu, ko ƙyastu ba albarushi, ko kuwa bai gaji ko ɗaya ba, wannan lami ne, katantanwa takan fi sonsa.

Mai karatu zai ce, in haka ne ai da tuni marasa guba sun ƙare. Nan fa ake yinta. A 1954 wani masani mai suna Daday, wanda ya yi aiki a tashar kyautata iri ta Aberystwyth a Wels, ya tattara irin farin kuloba na daji daga ko'ina cikin Turai ya gwada. Ya tarar a ƙasashen kudu masu ɗumi, na bakin Bahar Rum, yawancin gindi masu guba ne. Da aka nufi arewa maso gabas, wajen Rasha, sai suka yi ta raguwa har kusan babu. Da ya ɗora wannan a kan taswirar sanyin watan Janairu, sai layukan suka bi juna. Haka kuma ya gani a duwatsun Alps: a gindin dutse masu guba sun yi yawa, ana hawa suna raguwa. Masana sun kawo dalilai biyu. Na farko, a inda ƙanƙara ke daskarar da ganye, ita kanta tana iya fasa bangon nan, tsiro ya sha gubar kansa. Na biyu, yin guba ɗawainiya ce mai cin ƙarfin tsiro, a ƙasar sanyi kuwa inda masu cin ganye ba su da yawa, wanda bai ɗauki ɗawainiyar ba shi ke tsere wa ɗan'uwansa. Ko wanne ne ya fi ƙarfi, abin lura shi ne halin da ya zama garkuwa a Italiya ya zama kaya a Rasha. Kowane allazi da nasa amanu.

Kuma tankaɗen bai tsaya ba, har gobe ana yinsa. A 2022 aka buga sakamakon wani babban bincike da masana na jami'ar Toronto ta Kanada suka jagoranta, inda aka gwada gindi sama da 110,000 a birane 160 na ƙasashe 26, ana tsinko ganye tun daga tsakiyar birni har zuwa ƙauye. A kusan rabin biranen an sami bambanci, kuma a yawancinsu na cikin gari sun fi ƙarancin guba a kan na bayan gari. Yaushe aka gina biranen nan? Waɗansunsu jiya-jiya. Amma har tsiron ya sake hali ya bi su. Da a ce tun farko duk gindin hali ɗaya gare su, da me zai sake?

Manoman Ingila sun gane amfanin wannan tun kafin a san dalilinsa. A da, irin farin kuloba da ake sayarwa a kantunansu, wanda suke kira na Holan, yakan yi kyau shekara ɗaya ko biyu sa'an nan ya ɓace daga fili. Dalili kuwa, masu sayar da iri sun daɗe suna girbe wanda ya fi saurin fure da yawan ƙwaya, har suka zaɓo mai gajeren rai ba su sani ba. Wanda ya tsiro da kansa a tsofaffin makiyayun tumaki na lardin Kent kuwa ganyensa ƙanana ne, ba shi da kyan gani, ƙwayarsa kaɗan ce, amma tumaki sun shekara aru-aru suna gwaguyarsa har ƙasa bai mutu ba. Da aka gane haka sai kuɗinsa ya ninka na kanti, kuma daga irinsa ne tashar Aberystwyth, wadda aka kafa a 1919, ta fitar da irin da ta sa wa lamba S.184. A arewacin Italiya kuma, a filayen ban ruwa na wajen garin Lodi inda ake yanka ciyawa a kai wa shanun madara, zuriyar da ta zauna mai manyan ganye ce da dogon wuya, ita ake kira Ladino. Kai Ladino makiyayar tumakin Kent, ba za ta daɗe ba. Kai na Kent fadamar Lodi, dogayen ciyayi za su rufe shi. Wanne ne iri mai kyau? Sai ka faɗa mini wace gona, wace dabba.

A Niyu Zilan ma haka aka yi. Wajen 1930 malaman gonarsu suka bi tsofaffin makiyayu suna tattaro zuriyoyi, suka shuka su layi-layi suka kwatanta, suka ware wadda ta fi yabanya da daɗewa. Daga cikinta aka fitar da irin da ake kira Huia, wanda ya yi shekaru da yawa yana kan gaba a kasuwar irin kuloba ta duniya. Abin dariya, zuriyar nan da ta fi kyau tana cikin masu guba sosai, har da gwajin gubar ake tantance ta daga na jabu. Gubar ba ta kai ta kashe tunkiya, amma tana iya tauye amfanin sinadarin aidin a jikinta, 'ya'yanta su zo da maƙoƙo. Ba a samun riba ba tare da an biya wani abu ba.

Yanzu ga labarin da ya sa na ɗauko wannan magana, na ƙasar Ostareliya. Can babu kuloba ko ɗaya na asali. Akwai wani danginsa na Bahar Rum da ke shekara ɗaya ya mutu, wanda in ya yi fure sai ya sunkuyar da kai ya tura 'ya'yansa cikin ƙasa kamar yadda gyaɗa da gujiya suke yi. Wannan ya shiga Ostareliya a ɓoye a ƙarni na 19, cikin ingirici da gashin tumakin da jiragen ruwa suka kawo, ba wanda ya gayyace shi. A 1889 wani manomi, Amos Howard, ya lura da shi kusa da garin Mount Barker a kudancin ƙasar, ya ga dabbobi na sonsa, ya sha wahala ya gano yadda za a tono ƙwayar a sussuke ta, ya yi ta tallarsa har mutane suka karɓa. Da aka haɗa shi da takin sufa, ƙasar da a da ba ta iya riƙe tunkiya ɗaya sai ta riƙe uku ko huɗu, alkamar da aka shuka bayansa kuma ta yi kyau. An ƙiyasta filin da aka shuka shi ya kai kadada miliyan 29.

Shi wannan dangin ba kamar farin ba ne, furensa kansa yake yi wa barbara, saboda haka 'ya'ya sak uwa suke fitowa. Wanda ya shuka zuriya ɗaya a gonarsa, duk gonar ta zama kamar gindi ɗaya. A yammacin ƙasar, inda ruwan sama ke ɗaukewa da wuri, zuriyar da ta karɓu ita ce wadda aka tsinta a wani wuri mai suna Dwalganup, don tana saurin fure ta binne 'ya'yanta kafin rani. Kowa ya ruga ya shuka ta, gona bayan gona, gunduma bayan gunduma.

Daga farkon shekarun 1940 sai masu tumaki suka fara ganin abin da ba su taɓa gani ba. Ga makiyaya kore shar, ga tumaki sun yi ƙiba, rago ya yi barbara, amma ba ciki. Waɗanda suka ɗauka kuma haihuwa ta gagara, ɗa ya mutu a ciki, waɗansu mahaifa ta zazzago waje. Tunkiyar da ba ta taɓa haihuwa ba ta cika hantsa, kai har ragunan da aka dandaƙe suka fara zubar da nono. A waɗansu garkunan yawancin tumaki suka zama juya. A 1946 wani likitan dabbobi mai suna Bennetts da abokan aikinsa biyu suka tabbatar cewa kuloban ne. Sai da aka shiga shekarun 1960 aka kama ainihin mai laifin, wani sinadari a ganyen da ake kira fomononetin, wanda in ya shiga tumbin tunkiya yakan juye ya zama abu mai aiki irin na sinadarin mace. In tunkiya ta yi shekaru tana cinsa, bakin mahaifarta yakan lalace har abada. Shanu bai cika damunsu ba, tumaki ne abin ya fi shafa, ƙasar kuwa da gashin tumaki take ci.

To, me ya cece su? Da aka bi zuriyoyin ɗaya-ɗaya ana aunawa, sai aka ga ba duka ke ɗauke da abin ba. Dwalganup da Yarloop da Dinninup da Geraldton cike suke da shi. Ta Mount Barker da waɗansu kuwa kaɗan gare su. Ashe hali ne na gado, wannan gida na da shi, wancan babu. Sai aka shiga haɗa zuriyoyi, aka kuma tura mutane su koma tushen tsiron, su bi tsaunuka da gefen hanyoyi da makiyayun awaki na Girka da Sifen da Fotugal da Maroko da Italiya suna tsintar ƙwaya a ƙasa. Ana cikin haka wani ciwon fumfuna mai ƙone ganye ya faɗa wa Yarloop, aka ƙara da neman mai jure shi. Tsibirin Sardiniya ya fi ko'ina albarka. Can a fili ɗaya akan sami zuriyoyi da yawa a cakuɗe, wata mai saurin fure, wata mai jinkiri, wata mai taurin ɓawo da za ta kwana shekaru a ƙasa tana jiran damina mai kyau. Daga abin da aka tsinto can a 1977 aka fitar da iri irin su Denmark da Goulburn da Leura a farkon shekarun 1990. Yanzu ba a fitar da sabon iri a ƙasar sai sinadarin nan bai kai kashi 0.2 cikin 100 na busasshen ganye ba. Makiyayin Sardiniya da ya bar tudunsa ba noma bai san yana yi wa mai tumaki dubu goma a wata nahiya ajiya ba, ba kuma wanda ya biya shi ko anini.

Duk da haka ba a rabu da Bukar ba. Tsofaffin zuriyoyin nan huɗu sun riga sun cika ƙasa da ƙwaya mai taurin ɓawo, ko an nome an shuka sabo sukan sake fitowa, har yau akwai gonakin da suke rage haihuwar tumaki a ɓoye. Shigar da iri ƙasa aikin shekara ɗaya ne, fitar da shi ya fi shekara sittin bai ƙare ba.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce, Malam, ai ita Dwalganup ɗin ma da kanta ta tsiro, ba wata tasha da ta ƙirƙiro ta, ka ga na daji ma yana kashewa. Haka ne. Ban ce duk abin da ya tsiro da kansa alheri ne ba, ban kuma ce manomi ya bar irin da aka gwada ya koma tsintar na bakin hanya ba. Na daji sau da yawa ganyensa kaɗan ne, ba ya nuna tare, ƙwayarsa na zubewa kafin a girbe. Mai neman abin da zai ba shanunsa a bazara iri mai auki yake so, ɗan kasuwa kuma yana son buhun da ya san abin da ke ciki. Laifin da aka yi a Ostareliya shi ne an auna zuriyar da ma'auni ɗaya, watau yawan ganye da saurin fure, ba a auna ta da haihuwar tunkiya ba, kana aka shimfiɗa ta ita kaɗai a ƙasa mai faɗin gaske. Da a ce kafin nan an nome tuddan Sardiniya da na Girka an shuka musu iri ɗaya su ma, ina za a je neman magani?

Wani kuma zai ce ai yanzu akwai rumbunan sanyi, a tsinto ƙwaya a zuba a kwalba a rufe, sa'an nan a yi abin da aka ga dama da filin. Rumbunan nan abin yabo ne. Cibiyar binciken dabbobi ta ILRI da ke Adis Ababa, wadda ta gaji ILCA da aka kafa a 1974, tana ajiye da samfurin irin abincin dabbobi sama da 18,000, cikinsu har da kuloban tuddan Habasha da aka bi ƙauyuka aka tattaro. Amma kwalba ba ta ɗaukar kome da kome. Kuloban Afirka yana da tsirfa wajen ƙananan halittun nan na saiwa, ba ya shiri da na Turai, sai nasa na ƙasarsu. In ka kai ƙwayar wani wuri ba ka kai su ba, sai ta tsiro ta yi rawaya ta tsaya. Ban da wannan, ƙwayar da ke kwalba ta tsaya ne a ranar da aka rufe ta, alhali ciwo da fari da ƙwari ba su tsaya ba, ta fili ita ce ke kokawa da su kowace shekara. Rumbu kuma gini ne, abin da ke samun gini yana samunsa. Yaƙin Siriya ya raba masu bincike da babban rumbun iri na kusa da Halab, sai da aka je rumbun duniya na Svalbard a ƙasar Nowe a 2015 aka ɗebo ajiyar da aka kai can, aka sake shukawa a Labanan da Maroko. Da ba a raba ƙafa ba da an yi hasarar da ba ta da mayi.

Ina ruwanmu da wannan duka, mu da ba mu shuka kuloba? Ai mun ɗanɗani irinsa. A shekarun 1980 masu bincike na ILCA suka yi aiki da Fulani a kudancin Kaduna, wajen Kachiya, kan killace fili kamar kadada huɗu kusa da ruga a shuka sitailo, wani ɗan'uwan wake da asalinsa Amurka ta Kudu, don shanu su riƙa shiga na 'yan sa'o'i da rani. Dabara ce mai kyau. Amma waɗansu irin sitailon da aka fara kawowa wani ciwon fumfuna mai sa baƙin tabo a ganye da kara ya cinye su, kamar yadda ya share wani danginsu a arewacin Ostareliya a shekarun 1970. Aka koma dogara kusan ga iri ɗaya, Verano, wanda tushensa ƙasar Benezuwela ne. Shi ma da ba a tsinto shi a daji can ba, da aikin ya tsaya.

Mu kuma namu na gida fa? Ga gadagi. Shi ma ɗan gidan su wake ne, yana da ƙurajen nan a saiwa, har Turawa na laƙaba wa wani danginsa sunan kuloba ko da yake ba kuloba ba ne. Ba wanda ke shuka shi, ga shi kuwa ana ɗaure shi dami-dami ana kai wa masu dawaki da masu kiwon ragon layya, da kuɗi mai kauri. Duk wanda ya saba yankansa ya san ba kamanni ɗaya gare shi ba, wani ganyensa zagaye, wani siriri, wani ya miƙe, wani ya kwanta. Tsiron da ke rayuwa tun daga jigawar Damagaram mai ƙarancin ruwa har zuwa ƙasar Zazzau, hankali ba zai ɗauka cewa hali ɗaya gare shi ba, bayan abin da muka gani ga ɗan'uwansa a fili mai kadada ɗaya. Amma dubi yadda muke yi da shi. Tuge shi ake yi da saiwa tun bai zubar da 'ya'ya ba, don a riga wani. Burtali da makiyayar gari, inda yake samun sakewa, kullum gona na cin su ta gefe. Maganin feshin ciyawa da ya shigo ko'ina kuwa bai san gadagi ba bai san ƙaya ba. Zuriyar da ta ɓace a wata jigawa ba za a ji ƙararta ba, domin ba wanda ya taɓa rubuta cewa tana nan.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Mai yankan gadagi ya sa lauje ya bar saiwa, ya kuma ƙyale wani gefe har kwansonsa ya bushe ya zube. Mai gona in zai yi feshi ya tsallake iyaka da gindin itatuwa. Masu unguwanni da dagatai su riƙe abin da ya rage na burtali da makiyaya, ba don kauce wa rigimar manomi da makiyayi kaɗai ba, har don abin da ke tsiro a ciki. 'Yan kasuwar iri su daina juye na gabas da na yamma a buhu ɗaya suna kiransa da suna ɗaya. Ku kuma malaman ofis, ku ne na fi ji. In an kawo sabon irin ciyawa a raba wa makiyaya, ku tambaya a ina aka gwada shi, shekara nawa, da wace dabba, an kuma ƙirga 'ya'yan da ta haifa ko nauyinta kaɗai aka auna. In an kawo iri biyu ko uku, kada ku ce a tsaya ga ɗaya don lissafi ya yi sauƙi. In kuma abokan aikina malaman gona sun kawo muku 'yar jakar ƙwaya daga ƙauye don a aika tashar bincike ta Shika, ku rubuta sunan garin a jikinta, da irin ƙasar, jigawa ce ko fadama, da watan da aka tsinta.